Kifin shak, ciyawar teku da kundin da ba a gogewa

A farkon watan Nuwamba na 2022 labarai biyu suka fito daga tsibiran Bahamas, kwana goma kacal a tsakaninsu. Na farko binciken wasu masana ne da mujallar Nature Communications ta buga. Sun ɗaura wa kifayen shak masu zanen damisa kyamarori a gadon baya, suka sake su cikin ruwa, sannan suka haɗa hotunan da kifayen suka ɗauko da na tauraron ɗan'adam da rahotannin masu nitso. Abin da suka gano shi ne, a ƙarƙashin ruwan ƙasar akwai shimfiɗar ciyawar teku da ba a san mai girmanta ba a duniya: aƙalla murabba'in kilomita 66,000, mai yiwuwa ma har 92,000. Na biyu ya zo ranar 11 ga watan. Kamfanin FTX, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kuɗin kirifto, wanda ya kwaso hedikwatarsa daga Hong Kong zuwa Nassau, babban birnin Bahamas, a 2021, ya durƙushe da biliyoyin dalolin jama'a.

Da farko mutum zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Amma a Bahamas ɗin wancan lokaci, labaran biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Gwamnatin Firaminista Philip Davis ta yi dokoki biyu a 2022 kan mallaka da cinikin takardun kabon, wato takardun shaidar rage iskar da ke ɗumama duniya, da nufin mayar da abin da ciyawar teku da itatuwan mangurob masu tsirowa a gaɓar teku ke ɓoyewa a taɓo ya zama kuɗin shiga. Ƙasar kuma ta riga ta sa kanta a sahun gaba wajen kuɗin zamani: ita ce ta fara fitar da kuɗin babban banki na dijital ga ƙasa baki ɗaya, wato Sand Dollar, a Oktoban 2020, ta kuma yi dokar kadarorin dijital a shekarar. Don haka ba abin mamaki ba ne da aka riƙa jin cewa bulokcen, wato kundin kwamfuta da ba a gogewa, ce za ta riƙe lissafin wannan sabuwar dukiya. Tambayar da ta dame ni ita ce: wane ɓangare na lissafin ne take iya riƙewa, wane ne kuma ya fi ƙarfinta?

Sai an fara da taɓon. Kowane tsiro yana zuƙar iskar kabon daga sararin sama ya gina jikinsa da ita. A daji na tudu, ganye ya faɗi ya ruɓe, gara ta ci, wuta ta ci, yawancin iskar ta koma inda ta fito. A gaɓar teku abin ya bambanta. Saiwoyi da ganyen mangurob da na ciyawar teku suna nutsewa cikin laka mai gishiri wadda iskar shaƙa ba ta ratsa ta sosai, sai ruɓewar ta yi tafiyar hawainiya, wani ya hau kan wani, shekaru ɗaruruwa har dubbai. Wani bincike na 2011 a dazuzzukan mangurob na yankin tekun Indiya da Fasifik ya samu kimanin tan 1,000 na kabon a kowace hekta, kuma daga rabi zuwa kusan dukkansa a cikin ƙasa yake, ba a jikin itacen ba. Kowane tan na kabon, in ya kuɓuce ya haɗu da iska, yana zama tan 3.67 na iskar da ke ɗumama duniya. Wannan ajiya ce ake kira shuɗin kabon, sunan da ya bazu bayan wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009.

Kasuwar kuwa haka take: kamfanin jirgin sama ko na mai a Turai ko Amurka da ke son ya ce ya biya diyyar hayaƙinsa, sai ya sayi takarda. Kowace takarda tana wakiltar tan ɗaya na iskar da aka ce an hana ta fita ko an janye ta. Akwai ƙungiyoyi masu rajistar waɗannan takardu, irin su Verra a Washington, Gold Standard a Geneva da Plan Vivo a Edinburgh. Su ke tsara yadda ake awo, su ba takarda lamba, kuma idan mai saye ya yi amfani da ita su rubuta cewa an kashe ta, ba za ta sake shiga kasuwa ba.

Ba sai an yi dogon bayani ba kan abin da ya sa ƙananan tsibirai ke kwaɗayin wannan ciniki. Guguwar Dorian da ta afka wa tsibiran Abaco da Grand Bahama na ƙasar Bahamas a Satumban 2019 ta yi ɓarnar da aka ƙiyasta da dala biliyan 3.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Mutanenta ba su wuce dubu 400 da wani abu ba, hayaƙinsu bai taka kara ya karya ba, ga shi ana lissafa ta cikin ƙasashe masu wadata, don haka bashi mai sauƙin ruwa ba ya zuwa mata da daɗi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Nan kuwa ba takobi ba ne, dukiyarsu ce da ke kwance a ƙofar gida.

To, mece ce bulokcen? Mai karatu ya ɗauki adashi. A yadda muka saba, uwar adashi ce ke riƙe da littafi. In ta yi kuskure, ko ta goge suna, ko littafin ya ɓata, magana ta zama ta rantsuwa. A ce yanzu kowane ɗan adashi yana da kwafin littafin a hannunsa, ba a rubuta zubi sai duk littattafan sun ɗauka lokaci guda, kuma kowane shafi yana ɗauke da hatimin da aka ciro daga shafin da ya gabace shi, ta yadda duk wanda ya taɓa tsohon shafi sai hatiman da ke bayansa su ƙi dacewa, asirinsa ya tonu. Wannan ita ce dabarar, sai dai kwamfutoci ne ke riƙe da littattafan. Abin da aka rubuta ya zauna, kowa kuma yana iya gani.

Kasuwar kabon tana da ciwon da wannan magani ya dace da shi, ban musa ba. Rajistoci suna da yawa, ba sa magana da juna, kuma babu abin da ya fi sauƙi kamar a sayar da tan ɗaya sau biyu. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ƙara wa matsalar nauyi, domin yanzu kusan kowace ƙasa tana da alƙawarin rage hayaƙi. In Bahamas ta sayar wa wata ƙasa tan dubu na ciyawar tekunta, sannan ta sake lissafa shi cikin nata alƙawarin, to a takarda an rage tan dubu biyu, a sararin sama kuwa dubu ɗaya ne. Sashe na 6 na yarjejeniyar, wanda aka zayyana ƙa'idojinsa a Glasgow a 2021 aka ƙarasa su a Baku a 2024, ya ce mai sayarwa sai ta cire abin da ta sayar daga nata lissafin. Ana buƙatar wurin da kowa zai leƙa ya tabbatar an cire. Saboda haka ne Bankin Duniya da gwamnatin Singafo da ƙungiyar masu cinikin hayaƙi ta IETA suka ƙaddamar da Climate Action Data Trust a Disambar 2022, wanda ke kan bulokcen ta Chia. Ba ya sayar da komai. Bayanan rajistoci daban-daban yake tarawa wuri guda don a gane in lamba ɗaya ta bayyana a wurare biyu. Aiki ne maras armashi, ba wanda zai yi kuɗi dare ɗaya da shi, kuma a ganina shi ne amfani mafi gaskiya da aka yi da fasahar a wannan fage.

Amma a koma kasuwar hatsi. Littafin dillali yana iya zama daidai, babu gogewa babu ƙari, ya ce an auna mudu ɗari. In mudun da aka yi awon da shi an buge masa gindi, littafin ya adana ƙarya ne da amana. A nan lissafin shuɗin kabon ya fi rauni, kuma nan ne masu tallar bulokcen suka fi saurin wucewa.

Kafin lamba ta isa kundi, sai an san faɗin wurin. A sake duba adadin da muka fara da shi: tsakanin 66,000 da 92,000 akwai tazarar murabba'in kilomita 26,000, wadda ta fi faɗin jihar Kano. Ba gazawar masu binciken ba ce. Sun faɗi iyakar abin da kayan aikinsu suka nuna. Tauraron ɗan'adam irin Sentinel-2 na Turai yana gani ne a ma'aunin mita goma-goma, yana ratsa ruwa mai garau maras zurfi, amma da ruwan ya yi zurfi ko ya gurɓace sai ya makance, kuma yakan ɗauki gansakuka a matsayin ciyawa. Mangurob ya fi sauƙin gani tun da kansa a waje yake, sai dai shi ma abin da ake nema yana ƙarƙashin saiwarsa, inda babu kyamarar da ke kaiwa. Dole mutum ya shiga kwalekwale, ya kafa bututu cikin laka, ya zaro ta mita ɗaya ko fiye, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a busar, a auna, a ƙona a ɗakin bincike don a san yawan kabon ɗin da ke ciki. In ana son sanin saurin taruwarta a shekara, sai a bi sawun wani nau'in dalma mai lamba 210 wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 22 da 'yan watanni. Daga bututu ɗari ko ɗari biyu ake faɗaɗa sakamakon ya rufe dubban kilomita. Laka kuwa ba iri ɗaya ba ce. Wadda ke bakin rafi da wadda ke bayan tsibiri suna iya bambanta ninki-ba-ninki.

Ko an auna daidai, ba duk abin da aka samu a lakar ne na ciyawar ba. Wani ruwa ne ya kwaso shi daga tudu ko daga wani sashe na teku ya zube a nan. Ƙa'idar Verra mai lamba VM0033, ta farfaɗo da fadamun gaɓa da ciyawar teku, ta ce a cire irin wannan baƙon kabon, amma rarrabe ɗan gida da baƙo aikin ƙiyasi ne. Sai kuma wata matsala da ta shafi Bahamas kai tsaye. Ƙasan tekunta farin yashi ne na alli, wanda halittun ruwa ke ƙerawa. Abin mamakin shi ne, ƙera allin a cikin ruwan teku yana sakin iskar kabon. Wani bincike da aka buga a 2021 kan mashigin ruwan Florida, maƙwabciyar Bahamas mai irin wannan ƙasa, ya nuna cewa a wurin da aka auna, iskar da ke fita saboda allin ta fi wadda ciyawar ke binnewa. Masana na ci gaba da muhawara kan yadda wannan ya shafi sauran wurare, amma ya isa ya nuna cewa a wasu shimfiɗun ba girman lambar kaɗai ake jayayya a kai ba, har da ko ta riba ce ko ta hasara.

Malaman fiƙihu idan za su ba da misalin cinikin garari, sukan ce sayar da kifi a ruwa ko tsuntsu a sama. Ba fatawa nake bayarwa ba, misalin ne kawai ya ƙi barin raina tun da na fara karanta yadda ake wannan lissafi.

Akwai kuma sharaɗin da kasuwar ta gindaya wa kanta: ba a biyan abin da zai faru ko da ba a biya ba. Ciyawar Bahamas ta daɗe tana aikinta tun kafin a haifi kakannin masu saye. Kafin ta zama takarda sai an nuna ko dai an dasa sabuwa, ko kuwa akwai barazana ta gaske, kamar yashe ƙasan teku ko gina otal a gaɓa, wadda kuɗin ya kawar. Wato sai an kwatanta abin da ya faru da abin da zai faru in da ba a yi komai ba, alhali na biyun ba wanda ya taɓa ganinsa. A kan wannan gaɓa ce jaridun Guardian da Die Zeit da ƙungiyar SourceMaterial suka kai wa Verra hari a Janairun 2023, suka ce sama da kashi 90 cikin ɗari na takardun kare dazuzzukan da suka bincika ba su wakiltar wani ragi na gaske. Verra ta ƙaryata, ta ce hanyar binciken ce ba daidai ba. Ko wa ke da gaskiya, rigimar a kan hasashe take, kuma babu hatimin kwamfutar da ke raba gardamar hasashe.

An ma riga an gwada. A Oktoban 2021 wani tsari mai suna Toucan ya buɗe hanyar ɗauko takardun Verra a mayar da su tokin, wato kadarar dijital da ake cinikinta kamar kuɗin kirifto, a kan bulokcen ta Polygon, ƙungiyar KlimaDAO kuma ta riƙa saye. Cikin 'yan watanni takardu sama da miliyan 20 suka tsallaka. Sai dai an zuba su a tukunya ɗaya, kowane tokin farashinsa ɗaya, ko daga wane aiki ya fito. Duk ɗan kasuwa ya san abin da zai biyo baya in aka ce tsaba da ƙaiƙayi kuɗinsu ɗaya: ƙaiƙayin za a kawo. Masu binciken ƙungiyar CarbonPlan sun gano cewa kaso mai yawa na abin da ya shiga daga tsofaffin ayyuka ne da suka shekara babu mai tayawa. A watan Mayun 2022 Verra ta haramta mayar da takardun da aka riga aka kashe su zama tokin. Abin lura a nan, wanda ya kamata a yi wa fasahar adalci a kansa: saboda kundin a buɗe yake ne masu binciken suka iya bin sawun kowace takarda. Bulokcen ba ta hana algus ɗin ba, amma ta sa an gan shi.

Sai batun dawwama, wanda a tsibiri ya fi ko'ina zafi. Guguwar Dorian ɗin da ta sa Bahamas neman kuɗi ita ce ta kashe galibin mangurob na Grand Bahama da wani babban kaso na Abaco. A Shark Bay ta yammacin Ostareliya, zafin ruwan teku na 2010 zuwa 2011 ya lalata kimanin kashi 36 cikin ɗari na ciyawar wurin, aka kuma ƙiyasta cewa iskar da ta kuɓuce cikin shekaru uku da suka biyo baya tana iya kai tan miliyan 9. A ce an riga an sayar da takardun irin wannan wuri, kamfani ya kashe su, ya buga a rahotonsa. Kundin da ba a gogewa zai ci gaba da shaida cewa tan kaza yana kwance a laka, alhali yana sama. Rajistoci suna maganin wannan ta hanyar ware wani kaso na takardun kowane aiki a asusun ko-ta-kwana, in an yi hasara a soke daga ciki. To amma wa zai ce an yi hasarar, kuma nawa ce? Mutum ne zai sake shiga kwalekwale, wata hukuma ce za ta sa hannu. Mabuɗin ya koma hannun uwar adashin da aka ce an rabu da ita.

Rushewar FTX ma darasinta kenan, ko da yake ba kabon ya kayar da shi ba. Kuɗin masu ajiya da aka karkatar zuwa ɗan'uwansa kamfanin Alameda Research ba a kan bulokcen aka ɓoye su ba. A littattafan cikin gida na kamfanin aka yi aika-aikar, inda babu mai leƙawa. An kama Sam Bankman-Fried, wanda ya kafa FTX, a Nassau a Disambar 2022, kotun New York ta yanke masa shekara 25 a Maris na 2024. Duk inda kundin ya haɗu da duniyar zahiri akwai ƙofa, kuma mai gadin ƙofar ɗan'adam ne.

Sauran ƙasashen tsibirai sun bi hanyoyi daban. Indunusiya, mai tsibirai kusan 17,000 da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mangurob ɗin duniya, ta buɗe kasuwar takardun kabon mai suna IDXCarbon ranar 26 ga Satumban 2023, a kan fasahar bulokcen ta kamfanin ACX. Takardun da aka fara cinikinsu a ranar daga tashar lantarki mai amfani da zafin ƙarƙashin ƙasa suka fito, ba daga mangurob ba. Dalilin a fili yake: tashar lantarki tana da mita, laka ba ta da ita. An gama gina rumfa kafin kayan gaɓar teku su iso.

Seychelles, mai tsibirai 115 a tekun Indiya, ba ta fara da rumfa ba. Ta yi yarjejeniyar sauya bashin dala miliyan 21.6 zuwa aikin kare teku tare da ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy, ta fitar da takardar lamuni ta teku ta farko a duniya ta dala miliyan 15 a 2018, zuwa 2020 kuma ta sanya kashi 30 cikin ɗari na ruwanta ƙarƙashin kariya. A alƙawarinta na 2021 ta ce za ta kare rabin ciyawar tekunta da mangurob zuwa 2025, dukkansu zuwa 2030, sannan ta shiga aikin zana taswira da zaro laka tare da jami'arta da ta Oxford. Ko da wata rana ta yanke shawarar sayarwa, tana da lambar da ta auna da kanta, ba wadda dillali ya kawo mata ba. Ni dai wannan jeri ya fi kwanta mini.

Akwai alƙawari ɗaya na bulokcen da nake fata ya cika, wato bin sawun kuɗi. A wannan kasuwa takarda takan bi ta hannun dillalai da dama, kuma masuncin da aka hana saran itace ba ya sanin nawa aka sayar da ita a ƙarshe. Ana iya rubuta yarjejeniya a cikin kundin ta yadda da an biya, kason ƙauye zai tafi kai tsaye, kowa yana gani. Sai dai kafin nan sai doka ta faɗi wane ne mai kabon ɗin. A ƙasashe da yawa gaɓar da ruwa ke hawa yana sauka mallakar gwamnati ce, masu kamun kifi da kaguwa haƙƙin amfani kawai suke da shi, sau da yawa ma ba a rubuce ba. Wanda sunansa bai shiga yarjejeniyar ba, kwamfuta ba za ta tuna da shi ba. Aikin Mikoko Pamoja a Gazi ta gaɓar Kenya, mai hekta 117 na mangurob, tun 2013 yake sayar da kimanin tan 3,000 a shekara ta hannun Plan Vivo, mutanen ƙauyukan su zauna su yanke abin da za a yi da kuɗin, ruwan sha ne ko littattafan makaranta. Tahiry Honko a kudu maso yammacin Madagaska ya bi irin wannan salo da hekta kusan 1,200. Abin da ya tsayar da su biyun shi ne kwamitin ƙauye da yarjejeniya da hukumar daji.

Ƙorafin cin wutar lantarki da aka daɗe ana yi wa bulokcen ya ragu tun da Ethereum, ɗaya daga cikin manyan bulokcen, ta sauya tsarinta a Satumban 2022 ta rage cin wuta da sama da kashi 99 cikin ɗari, don haka ba shi ne abin damuwa ba yanzu. Abin da ke cin kuɗi shi ne kwalekwale da mai, masu nitso, bututun zaro laka, ɗakin bincike, da mai binciken waje da za a ɗauko a jirgi ya tabbatar da sakamakon, kuma ba sau ɗaya ba: duk bayan 'yan shekaru, da kuma bayan kowace babbar guguwa, tsawon shekaru talatin ko fiye da aikin ya yi alƙawari. A Bahamas lokacin guguwa yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kowace shekara.